Shin da gaske ne ciwon daji ba ya son ƙarfe?

A wani zaman makoki a Ƙofar Marusa na jiyo wata dattijuwa tana jan kunnen 'yarta: "Ke dai kada ki yarda a sa miki wuƙa, daji ba ya son ƙarfe." Marigayiyar an cire mata mama, ba ta cika shekara ba ciwon ya ɓulla a hanta, don haka babu wanda ya musa. Ni ma ban tanka ba, kuma shirun yana damuna har yau.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, likitoci ma ba su ɓoye ba. Jiki yana karɓar tiyata a matsayin babban rauni, sai ya kwararo da sinadaran firgici, adirenalin da kotisol, waɗanda ke kashe kaifin ƙwayoyin garkuwar jiki masu farautar ƙwayoyin daji a cikin jini. Yana kuma fitar da abubuwan da ke tsiro da sababbin jijiyoyin jini domin miki ya haɗe, kuma ƙwayar dajin da ta riga ta ɓalle ta laɓe a huhu ko ƙashi tana cin moriyar wannan ni'ima. Tun 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya kwatanta yaɗuwar daji da iri da ƙasa. A wannan ma'auni, makonnin farko bayan tiyata tamkar saukar ruwan shuka ne.

Sai dai ruwa ba ya tsirar da abin da ba a zuba ba. Mafi yawan matanmu suna isa asibiti ne ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4, bayan an ɓata watanni ana shan sassaƙe da shafe-shafe, wani lokaci har da tsagar wanzami, irin ya gama watsuwa. Wuƙa ake ɗora wa laifi saboda ita ce ta zo ƙarshe, alhali ƙarin da aka ƙi cirewa kullum ƙara zubar da iri yake yi.

Abin da masana suka sa gaba shi ne sassauta wa jiki wannan gigita. A Indiya, asibitin Tata Memorial na Mumbai ya jagoranci bincike kan mata masu dajin mama kusan 1,600 wanda aka wallafa a 2023: an yi wa wasu allurar kashe zafi ta lidoken a kewayen ƙarin mintuna kaɗan kafin yanka, bayan shekara 5 kuma kashi 90 cikin 100 nasu suna raye, sauran kuwa kashi 86. Allura ce mai arha wadda ko likitan haƙori yana da ita. Ba kowace dabara ta yi nasara ba, domin wani bincike na 2019 kan mata fiye da 2,000 bai ga bambanci wajen dawowar ciwon tsakanin nau'o'in maganin sa barci ba.

Roƙona ga likitocinmu na Katsina shi ne su zauna da dangi su yi wannan bayani da Hausa kafin a sa hannu a takardar tiyata. Dangi kuma su taimaka a gyara ƙarancin jini, a daidaita sukari, a ciyar da majinyaciya, a kwantar mata da hankali, sannan kada a tsere da ita gida idan aka ce saura alluran daji ko gashin ciwon da na'ura. Ƙarin 'yar dattijuwar nan, kamar yadda na ji, bai wuce girman gyaɗa ba, kuma a wannan mataki aikin ƙarami ne, gigitar da zai jawo wa jiki ma ƙarama ce.