Kafin ka ce ɗan'uwanka ba Kirista ba ne

Ranar Lahadi bayan sujada mun zauna taron Zumuntar Maza a gindin mangwaron da ke bayan majami'armu a nan Jos, kuma abin da ya faru a wurin har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Maganar da aka ɗauko ba sabuwa ba ce: idan an kawo wa ƙauye hari, ya halatta Kirista ya ɗauki makami? Wani dattijo, asalinsa ɗan cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) ne daga wajen Michika, ya ce shi tun yana yaro Matiyu sura 5 aka koya masa, wanda ya mare ka a kumatu ka juya masa ɗayan. Bai rufe baki ba wani saurayi daga Bokkos ya miƙe, jijiyar wuyansa a tashe, ya ce, "Baba, irinku ne kuka sa ake yanka mu kamar kaji. Tsoro ne kawai kuke kira bangaskiya." Ya jawo Luka sura 22, inda Yesu ya ce marar takobi ya sayar da mayafinsa ya saya. Sai wani daga baya ya ce ai yaron nan Kirista ne na suna, jini zuciyarsa take so. Aka tashi baram-baram, ko addu'ar rufewa ba a yi ba.

Abin da ya fi yi mini zafi, ba wanda ya tambayi ko ɗayansu me idonsa ya gani. Ni na san su duka biyun. Dattijon nan a ƙafa ya bi duwatsu da iyalinsa a 2014, shekarar da Boko Haram ta mamaye Michika da Mubi, har hedkwatar EYN da ke Kwarhi ta koma Jos na ɗan lokaci. Ikilisiyarsa, wadda ta fara a Garkida a 1923, a kan ƙin zubar da jini aka gina ta, kuma yawancin 'yan matan Chibok da aka sace 'ya'yanta ne. Mutumin da ya rasa gida da gona da ƙaninsa, ya kuma tsaya a kan ba zai rama ba, wane ne ni da zan kira shi matsoraci? Shi kuma saurayin da hannunsa ya haƙa kaburbura bayan harin jajibirin Kirsimeti na 2023. Mai neman kada ya sake haƙa wani ba mai ƙishin jini ba ne.

Ba na ɓoye nawa ra'ayin. A kan tsaron ƙauye na fi karkata wajen saurayin, domin mutanen Nehemiya ma hannu ɗaya a kan gini, ɗaya a kan makami suka yi aiki. Amma tare hanya a kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, wannan ramuwar gayya ce, kuma ba ayar da za ta wanke ta. Duk da haka ba zan faɗa wa dattijon nan ra'ayina kamar wanda bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba.

Cutar nan ta cire juna daga bangaskiya ta daɗe a jikinmu. A zaɓen 2023, duk wanda ya zaɓi jam'iyyar da ba tamu ba sai mu laƙa masa Yahuda Iskariyoti. 'Yan'uwanmu na Methodist a Taraba suka rabu bayan babban taron cocinsu a Amurka ya sauya matsayi kan auren jinsi a 2024, abin ya kai ga asarar rayuka a Karim Lamido, har da ƙananan yara. Mutanen da suka sha Jibin Ubangiji tare ke nan. Bulus da Barnaba sun yi gardama mai zafi a kan Markus har kowa ya kama hanyarsa, amma ban ga inda ɗaya ya cire ɗaya daga bangaskiya ba. Daga baya ma Bulus da bakinsa ya ce wa Timoti ya taho da Markus don yana da amfani a gare shi.

Ranar Laraba da yamma na lallaɓi saurayin muka je gidan dattijon. Mama ta kawo kunun gyaɗa, ba wanda ya taɓa. Can Baba ya ɗago ya ce, "Ɗana, su wa ka binne?" Yaron ya fara lissafa sunaye ɗaya bayan ɗaya, muryarsa na rawa, dattijon yana share ido da bakin hularsa. Sannan shi ma ya ba da labarin ƙaninsa, wanda ko gawarsa ba su samu ba.

Da muka miƙe, saurayin ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gafarce ni a kan kalmar da na faɗa. Amma har yanzu ban yarda da kai ba."

Dattijon ya dafa kafaɗarsa. "Na sani, ɗana. Ka dawo ranar Asabar, ka taho da Littafinka."