Haƙorin Shekara Miliyan 60 da Kazar Inna

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda nake karanta ilimin duwatsu, an ba ni aikin nemo burbushin halittun teku a yankin Dange, kan hanyar Sakkwato zuwa Gusau. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya, domin wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ba ya saurin yarda cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce ta shafe wannan ƙasa har zuwa Nijar da Mali, kuma dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina a ƙarƙashinta ya taru. Alhali tun 1934 wani masani ɗan Ingila, Errol White, ya yi bayanin kifayen da aka tono a lardin Sakkwato.

Abin da nake farauta shi ne haƙorin wani ƙaramin kifin shak da ake kira mai idon mage. Shak ba shi da ƙashi sai guringuntsi, wanda kan ruɓe ya bar haƙora kawai, kuma haƙorin wannan dangi sau da yawa bai kai ƙwayar gero ba. Yana da tsini dogo a tsakiya da 'yan ƙanana a gefensa, kuma da yawan ƙananan, da zanen da ke gindin haƙorin, da siffar saiwarsa ake bambanta irin da ya ƙare daga duniya da 'yan uwansa.

Na ɗauko rabin buhun yumɓu zuwa gida, na jiƙa shi a bahon wankin Inna, na yi kwana uku ina tacewa da rariyarta. Ta tsaya a kaina ta ce, "Kai yaro, kuɗin makarantar da ake biya, wankin ƙasa ake koya maka?" A rana ta huɗu, ina tona tsakin da ya rage da tsinke a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sai ga shi lafiyayye, baƙi mai sheƙi, tsininsa duk a cike. Nan take na fara tunanin yadda sunana zai zauna a harshen Latin. Na ajiye shi cikin murfin kwalba a kan tabarma, na shiga ɗaki ɗauko waya don in ɗauki hotonsa.

Fitowar da zan yi na tarar da kazar Inna, wake-waken nan mai raina mutane, tsaye a bakin tabarma tana goge baki a ƙasa, murfin kuwa wayam. Abin da ya tsira daga bushewar teku guda bai yi minti biyu a tsakar gidanmu ba.

Na kulle ta a akurki, na yi kwana biyu ina tace kashinta da rariyar nan dai, ƙannena sun kewaye ni suna kallo, kafin in tuna cewa kaza takan riƙe tsakuwa a ƙundu don niƙa hatsi. Dole na nemi ciniki. Inna ta yanka mini farashin jajibirin Salla, ta kuma lissafa 'yan tsakin da kazar ba ta riga ta ƙyanƙyashe ba, sannan ta ɗora kuɗin sabuwar rariya. Da daddare gida ya ci dafa-duka da nama ana sa mini albarka, ni kuwa ina gefe da fitila ina binciken ƙundu.

Na same shi, amma ƙundu ya riga ya yi aikinsa: ƙananan tsinin sun side, zanen gindin ya goge. Malamina ya daɗe yana dubansa a madubin ɗakin gwaji, sannan ya ce shak ne ba shakka, amma a wannan hali ba mai iya rantsewa a kan danginsa, ya kuma tambaye ni wace irin igiyar ruwa ce ta goge shi haka. Da na faɗa masa gaskiya bai yi dariya ba. Ya jawo 'yar takardar da ake manna wa samfur, inda na riga na rubuta "Dange" a gurbin wurin da aka samo shi, ya ƙara da jan biro: "ta hannun kaza."