Izinin zama a Ghana: wace ƙofa aka buɗe wa maƙwabci?

Tun samamen da jami'an shige da fice suka kai titunan Accra a watan Mayun 2025, inda aka kwashe baƙi mabarata fiye da 2,000, akasarinsu 'yan Nijar, wata magana ta kama bakin mutane a gidajen rediyo da majalisun unguwannin Nima da Madina. Wai duk baƙon da ba shi da takardar zama shi ya so, ai ƙofa a buɗe take. Abin takaici, har da 'yan Zangon da iyayensu suka ga korar baƙi ta zamanin Firaminista Busia a 1969 ake rera wannan waƙa. Ba bara nake karewa ba. Tambayata ga masu maganar ita ce, sun taɓa zuwa sun ƙwanƙwasa ƙofar?

Ɗan ƙasashen ECOWAS yana shigowa ba biza, bisa yarjejeniyar 1979, a buga masa kwana 90. Iyakarta ke nan. Masu cewa takardar ECOWAS ta isa mutum ya zauna har ya mutu suna yaudarar kansu ne. Daga kwana na 91 sai izinin zama, shi kuwa yana son wanda zai tsaya maka: kamfanin da ya ɗauke ka aiki, ko makaranta, ko aure da ɗan ƙasa. Kafin nan ma sai ka yanki katin shaida na baƙi, wanda aka sa wa dala 120, ga kuɗin sabuntawa duk shekara. Da dala ake lissafin, ga mutumin da cinikinsa na sidi ne.

To a ɗauki mai albasa a kasuwar Adjen Kotoku da ke wajen Accra, wanda ya shekara ashirin yana sauke buhunan Galmi, 'ya'yansa sun fi shi jin Twi, yana biyan tikitin kasuwa kullum safe. Wane kamfani ne zai rubuta masa wasiƙa? Shi ne kamfanin kansa. In ya ce zai shiga ta ƙofar masu zuba jari, dokar 2013 ta gindaya wa baƙon da ke saye da sayarwa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan Ghana 20 aiki, ta kuma keɓe kasa kaya a kasuwa da talla da aski da tasi ga 'yan ƙasa kawai. Da wannan doka ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta riƙa kafa hujja lokacin da aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Suame Magazine ta Kumasi a 2019.

Akwai izinin zama na dindindin a dokar shige da fice ta 2000, gaskiya ne. Sai dai sharaɗinsa shekarun zama bisa ƙa'ida, da shaidar manyan mutane irin su lauyoyi. Wanda aka hana tsani na farko, yaya zai taka na biyar?

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Wannan dokar dai ta ba zuriyar Afirka da ke ƙetare damar neman haƙƙin zama na har abada, su shiga su fita ba biza, su yi aiki ba wani izini. A 2019, shekarar da aka yi kiran dawowa gida, an rantsar da mutum 126 a matsayin 'yan ƙasa. A Nuwamban 2024 aka rantsar da 524, da kiɗa da hotuna. Madalla, ba na baƙin ciki da jikokin bayin da aka fitar ta Elmina da Cape Coast, haƙƙinsu ne. Amma ɗan'uwa na Amurka an shimfiɗa masa darduma, na Tawa da Sakkwato, wanda kakanninsa ke fataucin goro a Salaga tun kafin Turawa su shata iyaka, an ajiye masa motar kamu. Wannan ba batun tsaro ba ne, batun aljihu ne.

Masu cewa ai Najeriya ma ta kori 'yan Ghana a 1983, su sani ramuwar gayya ba tsarin mulki ba ce. Ga shi kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kwana 90 ɗin ma yanzu alfarma ce da aka ce ta ci gaba har sai an sake magana. Ranar da aka janye ta, dubban mutane a Aboabo da Sabon Zango za su wayi gari ba madogara.

Abin yi ba boyayye ba ne. A fito da izinin zama na shekara biyar ga ɗan Afirka ta Yamma mai sana'ar kansa, a biya da sidi, a karɓi shaidar sarkin Zango ko shugaban kasuwa. 'Yan majalisar mazaɓun Ayawaso a Accra da Asawase a Kumasi, da ƙuri'un Zango suka kai su, su ya kamata su kai wannan batu zauren majalisa, ba su jira sai an zuba mutane a mota sannan su zo jaje ba.