Ladubban wasan ƙwallon rami

Wani labari kan wasan ƙwallon rami, wato golf da ake bugawa da sanda, ya bayyana cewa wanda ya jefa ƙwallo a rami da bugu mafi ƙaranci shi ke nasara, amma bai taɓo ladubban wasan ba. Wanda ƙwallonsa ta fi nisa da rami shi ke fara bugu, sauran su koma gefe su yi shiru. Ba a taɓa ƙwallo sai ta tsaya cak. In taka ta tare wa wani hanya, ɗauke ta ka ajiye kwabo a gurbinta.

Matasanmu na ƙauyukan Jigawa masu son gwadawa a gona bayan girbi, don Allah ku nemi izinin mai gona tukuna. Faɗin ramin ya kai wajen santimita 11, yana iya karya ƙafar saniya. Ku cike shi kafin magariba.