Direbobin hanyar Daura, ku daina kashe mota a gangare da mu a ciki

Duk mai hawa motar haya tsakanin Katsina da Daura ya san wannan shirun. Ana cikin tafiya, an wuce Mashi ko an doshi Shargalle, hanya na ɗan yin gangare sai ka ji ƙarar inji ta ɗauke ɗif. Direba ya zare giya ya sa ta firi, ya murɗe makulli, mota ta ci gaba da gudu da nauyinta kawai, ga mutum bakwai a ciki, ga buhuna an danƙara a but har murfin bai rufu ba. Wai tattalin mai ake yi. Wallahi ganganci ne da rayukan bayin Allah, kuma na gaji da haɗiye maganar.

Na tuƙa mota mai giyar hannu shekaru kafin hali ya mayar da ni fasinja, don haka na san abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafar direba idan ya kashe inji. Birkin waɗannan ƙananan motoci, su Golf da Sharon da Peugeot 406, yana da tukunyar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, kuma zuƙar iskar inji ce ke ciyar da ita. Inji na mutuwa, abin da ya rage a tukunyar bai wuce taku biyu ko uku ba, daga nan birki ya sandare, sai ka miƙe a kansa da dukan ƙarfinka kafin mota ta saurare ka. Sitiyari ma haka. In mai famfo ne, bel ɗin inji ke juya famfon, inji ya tsaya sitiyari ya yi nauyi. In kuma tsautsayi ya sa aka murɗa makulli ya koma can baya, wasu motocin sitiyarinsu kullewa yake yi gaba ɗaya. To a wannan hali saniya ta faɗo titi, ko amalanke ta ɓullo daga gona, ko ɗan acaɓa ya yanko ba sigina, me direba zai yi? Ba giya a ciki da za ta riƙe motar, ba totur da zai taka ya kauce. Hanyar nan ta kusan kilomita 80 cike take da ƙauyuka, da yara masu talla a bakin titi, da dabbobi. Wa ya ba shi izinin yin caca da mu?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne man da ake cewa ana ragewa bai taka kara ya karya ba. Motar da ke aiki da injekta, wadda ba a mayar da ita kafireto ba, in tana gangarawa da giya a ciki kuma ka ɗauke ƙafa daga totur, ita da kanta take yanke mai, tayoyi ne ke juya injin. Wanda ya sa firi ya bar inji a silo, shi ne ma yake ƙona mai a banza. Wanda kuma ya kashe gaba ɗaya, ɗan abin da ya tsira da shi a gangare guda ko kuɗin ruwan leda bai kai ba, sannan in ya zo tayarwa sai ya jefa giya ya saki kuloci da ƙarfi, mota ta yi wata irin fizga, kawunanmu su haɗu da na juna. Kowace fizga irin wannan daga jikin kuloci da giyabos take fita.

Ban ce mai bai yi tsada ba. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Direba na da balas da zai kai wa mai mota, ga kuɗin tasha, ga cefane. Duk mun sani. Amma ai an ƙara mana kuɗin mota, mun biya ba don muna da shi ba. Wanda ya biya kuɗin tafiya ya biya har da birki mai kamawa.

Na taɓa yi wa wani magana, yaro ne da bai fi sa'ar ƙanena ba. Na ce, “Malam direba, don Allah tada motar nan ka sa mata giya.” Ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, “Alhaji, in kana da taka ai da ba ka shigo tawa ba.” Wata dattijuwa a baya, da jikanta a cinya, ta ce, “Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, amana ka ɗauko.” Ya ce, “Inna, kwana in ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi.” Kun ji fa. An mayar da ƙaddara mafakar sakaci. Addinin da ya koya mana tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Sai zaman gaba. Kujerar mutum ɗaya a cusa mutum biyu, na ciki ya hau kan hambirki, sandar giya na gogar cinyarsa. Direba zai sa lamba tu sai ya ce, “Maigida, ɗan ɗaga ƙafa.” Zai sa ribas sai an yi ciniki. Saboda wannan matsi da yawansu sun daina canja giya a kan kari. Za ka ga an rage gudu an hau tudun da ake yi a bakin gari don rage gudu, mota na lamba fo, a taka totur a haka, inji na kakari, gaban mota na karkarwa, bodi na ƙara kamar zai rabu. Wannan jan da ake tilasta wa inji a babbar giya yana cin boris ɗin cikinsa, yana kashe robobin da ke riƙe da shi. In an sauko lamba tu ko tiri, daƙiƙa nawa za a rasa? Hambirkin da ake buƙata ranar da babban birki ya ƙi kuwa, fasinja na zaune a kansa.

Direban da ya samu sarari kuma sai ya ɗora hannu a kan sandar giya tun daga tasha har Daura, yana latsa waya da ɗayan, sitiyari a gwiwa. Nauyin hannun nan yana danna ƙarfen da ke tura giya a ciki, yana gogar abin da ke juyawa, a hankali har giya ta fara fita da kanta ana cikin gudu. Na hau motar da aka ɗaure sandar giyarta da robar tayar keke don kada ta fice daga lamba fayif. Haka aka yi lodi, haka aka karɓi kuɗinmu cif.

Amma babbar cutar tana ƙafar hagu. Ku leƙa ƙasa in kun zauna gaba. Takalmin direba na kan kuloci daga tashi har sauka, wai a shirye yake. Ɗan wannan dannawa ya isa ya sa boris ɗin kuloci ya yi ta juyawa ba hutu, ya kuma sassauta matsin da ke riƙe filet, wato faifan kulocin da ke haɗa inji da giyabos, sai filet ya riƙa zamewa yana ɗaukar zafi. Alamar ba ɓoyayya ba ce: inji na ihu, mota ba ta ƙara gudu, sai wani wari mai kama da ƙonewar roba ya cika ciki. Ƙara masa da tashi da lamba tu alhali an yi lodin da ya fi ƙarfin motar, da jefa giya ba a taka kuloci ya kai ƙasa ba har ka ji ƙarrr, da sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. Ribas a yawancin waɗannan motoci ba shi da zoben da ke daidaita gudun haƙora, don haka haƙori ne ke cin haƙori kai tsaye.

Wa ke biyan wannan? Mu. Wata ranar Alhamis da yamma, tun daga fitowarmu nake jin warin nan, na faɗa, aka ce mini birki ne sabo. Mun wuce Mashi kaɗan mota ta ƙi ja. Inji na aiki lafiya lau, giya na shiga, taya ba ta motsi. Kuloci ya ƙone ƙurmus. Aka sauke mu a gefen gonar gero, magariba na kawo jiki. Akwai mai juna biyu a cikinmu, ta zauna a kan buhun wani tana share zufa da gefen hijabi. Akwai ɗalibi riƙe da takardunsa a leda. Direba ya buɗe bonet yana kallo, alhali ya san gyaran nan ba na bakin hanya ba ne, sai an sauke giyabos ɗungurungum kafin a kai ga filet. Muka ce a maido mana da wani abu mu nemi wata motar. Ya ce kuɗi ya shiga tanki. Kowace mota ta zo wucewa a cike take, don kowa lodin wuce kima yake yi. Sai bayan isha'i muka shiga Daura a bayan wata akori-kura, kowa ya sake biya. Ba wanda ya ce mana ko sannu.

Masu motar gida ma kada su ɗauka da direbobin haya kaɗai nake. A tsaya a fitowar gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura a Katsina lokacin cunkoso, ko a danja, a ga yadda ake riƙe mota a hawa da rabin kuloci da totur, tana gaba tana baya, na bayanka na salati kada ka murƙushe masa fitila. Ga hambirki nan an yi shi don wannan. Wasu kuma su taka kuloci tun daga nesa su shiga shataletale a haka, mota na yawo ba abin da ke riƙe ta.

Tushen abin shi ne yadda ake zama direba yanzu. A da yaron mota kan daɗe a hannun ubangidansa yana wanki, yana duba ruwa da baƙin mai, yana sauraron inji, kafin a miƙa masa makulli, kuma ranar da ya bar ƙafa a kan kuloci zai ji ranƙwashi. Yau yaro ya yi 'yan kwanaki yana zagaya filin ƙwallo, an samo masa lasisi ta bayan gida, gobe yana layi a tasha yana jiran lodi. Doka ta ce sai an bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita kafin a samu lasisi. Nawa ne cikin masu ɗaukar mu suka taka ƙofarta?

Shugabannin tasha, kuna karɓar kuɗi a kan kowace motar da ta tashi, kuna da ikon hana direba lodi in ya tsallake layi ko ya ƙi biyan kuɗin ƙungiya. Ku yi amfani da wannan ikon a nan ma. Wanda fasinjoji suka kawo ƙararsa ya kashe inji a hanya, a cire shi daga layi na wasu kwanaki. Motar da kulocinta ke zamewa, kowane tsohon direba zai gane kafin ta fita ƙofar tasha, kada a yi mata lodi. A bar kujerar gaba ga mutum ɗaya, ko da za a ɗan ƙara wa mai son ta kuɗi. In mota ta mutu a hanya a maido wa mutane kuɗin ragowar tafiya, a rubuta lambar wayar da za a kira a manna a gilashi. Masu motoci, ku da kuke sayen filet da dis na Beljiyam kuna zagin makanike, ku zauna gefen direbanku tafiya ɗaya ku kalli ƙafarsa ta hagu.

'Yan'uwana fasinjoji kuma, in mutum ɗaya ya yi magana kada sauran su sunkuyar da kai suna cewa a yi haƙuri. Ni dai daga yanzu duk direban da ya murɗe makulli a gangare da ni a ciki, zan sa ya tsaya a gari na gaba in sauka, in ɗauki lambar motarsa, kuma ofishin tashar da ya yi lodi zan kai ta da ƙafata.