Gizo ba ɗan tawaye ba ne, ku fitar da shi daga gidan nan

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya turo wani hoto a zauren WhatsApp na gidanmu. Akwati ne mai gida tara, uku-uku, kamar an yanko kusurwar dara, kowane gida ya saka wani daga mutanen tatsuniya. Zaki can sama ta hagu, gidan "mai bin doka na kirki", Kura a ƙasa ta dama, gidan "mugun ɗan tawaye". Gizo kuwa ya ɗora shi a gidan "ɗan tawaye na kirki". Na ce masa wannan ba ta saɓuwa. Ya ce, "Haba Kawu, ai Gizo shi ne Robin Hood ɗinmu." Kwana biyu ke nan muna abu ɗaya, shi ya sa na kawo ƙara nan.

Ga wanda bai san akwatin ba: daga wasan Dungeons & Dragons ya fito, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Zama ake yi a kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa. In za ka tsallake rami ko ka sari dodo, sai ka jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20, ita za ta ce ka yi ko ba ka yi ba. Da farko ɓangare uku ne kawai: masu bin doka, 'yan tawaye, da 'yan tsaka-tsaki. Daga baya aka ƙara ma'auni na biyu, na kirki da mugunta, har a littafin 'yan wasa na 1978 gidajen suka cika tara. Yanzu wanda bai taɓa riƙe ƙwayar ba ma yana cusa 'yan fim, malaman makaranta, har nau'o'in abinci a ciki.

To mu koma kan Gizo. Robin Hood na almarar Ingila yana ƙwace wa masu hali ya ba talaka. Gizo wa ya taɓa ba? Ku tuna shekarar yunwa da hankaki suka ji tausayinsa, kowa ya cire gashi ɗaya ya ara masa, suka tashi da shi zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa. Duk 'ya'yan da wani ya kai baki zai tsinka, sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Sai da suka gaji, kowa ya zare gashinsa suka bar shi a reshe. Ya faɗa ruwa, ya tarar da kadoji, nan take ya fashe da kukan ƙarya wai ya ga dangi. Suka sauke shi a ɗakin ƙwai. Ya kwana yana gasawa yana ci. Wanda ya ci ƙwan mai masaukinsa, ina kirkin yake?

Yawancin abokan yaron nan sun yarda da wannan, sai suka ce a sauko da shi gidan "ɗan tawaye tsaka-tsaki". Nan ma ban yarda ba, kuma nan ne maganar take da daɗi. Ɗan tawaye a wasan shi ne wanda ƙa'ida ke shaƙe masa wuya, ya fi son a bar kowa da ransa. Gizo kuwa ba wanda ya kai shi son al'ada ta tsaya da ƙafarta, don a cikinta yake kiwo. Ba don kadoji suna girmama baƙo da zumunci ba, da ya kwana a cikin wani, ba a ɗakin ƙwai ba. Ranar da ya ɗaura wa Giwa igiya a tudu, ya kai wa Dorina ɗaya bakin a ruwa, kowace tana ja tana zaton da shi take ja, dabarar ta ci ne don su biyun sun ɗauki magana da nauyi. Gizo yakan je fada ya faɗi ya yi gaisuwa da tsamin bakinsa, ya kai ƙara, ya yi rantsuwa. A garin da kowa maƙaryaci ne, yunwa za ta kashe shi cikin mako. Doka a wurinsa kamar tsani ce, in ya hau ya ture. A ma'aunin littafin wasan na 2014, wanda yake yin duk abin da ya san zai sha, ba tausayi ba damuwa, gidansa "mugu tsaka-tsaki". Can ƙasa, tsakiya. Nan ne ɗakin Gizo.

Sai yaron ya jefo mini wadda ta tsaya mini a wuya: "To Kawu, in mugu ne, me ya sa muna yara muke goyon bayansa?"

Gaskiya ce. Ni kaina a tabarmar kakata, in Gizo ya tsira, har tsalle nake. Abin da na gano shi ne, ba a ƙera akwatin don wannan aikin ba. A tebur aikinsa ya riƙe ɗan wasa kada ya yi ta sauya hali yadda ya ga dama. A tsofaffin dokokin, akwai barde mai rantsuwa da dole ya zama mai bin doka na kirki. In ya aikata mugunta da gangan, mai jan labari ya ƙwace masa baiwarsa. Alkawari ne kan abin da za ka yi nan gaba. Tatsuniya kuma da wani mudun take awo: wa ya fi ƙarfi, wa ke jin yunwa. Muna bayan Gizo ne don ɗan tsurut ne a dajin da Zaki ke rabo. In ya cuci Kura mu yi dariya, in ya cuci Ƙoƙi mu yi tsaki, alhali halin ɗaya ne. Gida tara ba su san wa aka yi wa ba.

Dila ma ya ba mu wahala. Malamin daji, in an kawo masa shari'a yakan ce a mayar da macijin cikin jaka ya ga yadda abin ya faro, da ya shiga sai ya ce a ɗaure bakin. Bin doka ne wannan ko zamba cikin rawani? Mun bar shi a rataye.

Su kansu masu wasan ba su taɓa natsuwa da abin ba. A bugun 2008 sun rage gidajen zuwa biyar, a 2014 suka dawo da tara. A 2020 kuma kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan a yanzu, ya ce zai daina nuna wasu jinsunan halittu a matsayin miyagu tun daga haihuwa. Na ce da su a zauren, in haka ne Kura ma tana da ƙara, don tun kafin ta buɗe baki muka yanke cewa ba a ba ta ajiyar nama. Ba wanda ya goyi bayana.

Jiya da daddare Hajiya, wadda muke zaton ba ta bin maganar, ta turo saƙon murya na daƙiƙa 9. Ta ce, "Ku da gidajenku. Gizo ai marar kunya ne." Yaron ya duba akwatinsa sama da ƙasa, ya dawo ya ce ba gidan kunya a ciki. Da safen nan ya sake turo hoton: ya zana wani ɗan ɗaki a waje, jingine da katanga, ya saka Gizo. Kura tana nan inda take.