Masu kiɗan duhu na Turai suna gudu, mai garayar Maradi yana jira

Cikin sababbin faya-fayan saitirans mai duhu da ke fitowa 'yan shekarun nan, waɗanda suka zauna mini a rai ba masu gudu ba ne. Na fara da wannan ne don a nan Hambug ta Jamus inda nake zaune gudun ake yabo. Yaro ya fitar da kiɗa mai bugu 190 a minti, gobe wani ya kai 200, sai ka ji ana cewa ya ƙure maleji.

Ga wanda bai san shi ba, kiɗan kwamfuta ne, ba mawaƙi ba 'yan amshi. Asalinsa bakin tekun Goa ta Indiya, inda matafiya Turawa ke kwana rawa tun ƙarshen shekarun 1980. Gininsa ɗaya ne: bugu mai nauyi, gurnani uku gajeru na bin sa a baya, haka za a yi ta tafiya minti 7 ko 8. A bisa wannan ake zuba kukan ƙarfe, kukan kwaɗi, da muryoyin da aka murɗe har ba ka gane na mutum ne. Salon Goa na da can bai cika wuce bugu 145 ba. Reshen mai duhu ya taso daga baya, a Jamus da Rasha da Danmak, inda aka kafa kamfanin faya-fayai na Parvati Records a garin Aarhus a 2000. Sai 'yan Rasha irin su Kindzadza da Psykovsky suka ƙara masa wuta, har aka samu abin da ake kira haitek.

Na tura wa ƙanena guda ɗaya ta WhatsApp, ya kunna a fadarsu ta Bagalam ana dafa shayi. Amsar da ya maido mini ita ce: "Yaya, lafiya kake kuwa? Wannan ai injin markaɗe ne ya kwance." Ban ga laifinsa ba. Rabin abin da ke fitowa yanzu haka yake.

Amma ni kunnena a Maradi ya tashi, kuma duk wanda ya yi ƙuruciya a tsofaffin unguwanni ya taɓa leƙa wasan bori ko da ta saman katanga ne, ko da ya sha bulala a kai. Mai garaya na zaune bisa tabarma, masu caki a gefensa. Ba ya farawa da zafi. Take yake bi ɗaya bayan ɗaya, na Ɗan Galadima daban, na Sarkin Rafi daban, na Doguwa daban, yana kirari ƙasa-ƙasa. Idonsa kuwa ba ya barin matar da aka lulluɓe da zane a tsakar fili. Zai iya maimaita take ɗaya har mai kallo ya gaji ya fara hamma. Sai kafaɗarta ta motsa. Nan ne yatsunsa ke canzawa, cakin ya ƙara kauri, bugun ya matse. Saurin nasa amsa ce ga abin da ya gani a jikin mutum. Ba ya zuwa da shi daga gida.

Wannan haƙurin ne nake nema a sababbin faya-fayan, kuma inda na fi samunsa shi ne salon da suke kira na kurmi, wanda 'yan Danmak da Suwidin suka haɓaka. Bugunsa na tsayawa kusa da 150. Masu yin sa na ɗaukar ƙarar ruwa da ta itace da ta ƙwari su saƙa a ciki, su janye gurnanin na ɗan lokaci har ƙirjinka ya nemi shi, sannan su maido. Akwai kuma masu gwaje-gwaje da ke sauya saurin a tsakiyar kiɗa, su ja shi ƙasa su sake hawa, waƙa ɗaya ta wuce minti 15. Wasu shirme ne zalla, amma idan aka dace da mai kunne, za ka ji yana sauraren ka ne, ba kora ka yake ba.

Goa Gil, dattijon wannan fage da ya rasu a Oktoban 2023, yakan yi awa 24 yana kiɗa ba sauka, kuma yana cewa tsohuwar al'adar kakanni yake sabuntawa. To, a nan ne nake ɗan murmushi. A wurinsu mutum dubu ke rawa, kowa shi kaɗai, ido rufe. Ba take mai suna, ba wanda makaɗi ke kallo, ba wata tsohuwa da za ta tallabe ka idan ka faɗi. Giɓin nan da yawa ƙwaya ke cike musu shi, kada a ɓoye, har bikin Boom na Fotugal yana da rumfar binciken abin da ke cikin ƙwayoyi da kula da waɗanda abin ya fi ƙarfinsu.

Inda suka fi mu kuwa, sun fi mu da nisa. Kiɗan da ko a Turai mutane ƙalilan ne ke jin sa, amma ka shiga Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet: ga sunan makaɗi, ga na wanda ya gyara sauti, ga na mai zanen bango, ga shekara, ka biya kuɗinka ya shiga aljihun mai shi. Boom tun 1997 ake yin sa. Mu fa? Maradi da ke da sarautar Iya, Tibiri da ke da Inna, matan da ke shugabantar 'yan bori, amma kiɗan garaya sai dai a katin salula, ba suna ba kwanan wata, an rubuta masa "tsohon kiɗa 3". Tun rikicin adawa da bikin nuna tufafi na FIMA a Nuwamban 2000, da aka kai hari har gidan Iya, abin ya ƙara komawa lungu.

Kada wani malam ya ce ina kira a koma bori. Aƙida dabam, ni ma salla nake. Maganar hannu nake yi, na mutumin da ya haddace take masu yawa a ka, ya san lokacin jira da lokacin matsawa, kuma 'ya'yansa sun koma kabu-kabu.

Samarin Maradi masu ɗakunan ɗaukar waƙa, manhajar FL Studio ɗin da kuke haɗa kiɗan dandali da ita, da irinta wasu yaran nan ke aiki. Ku ɗauko mai garaya, ku zaunar da shi, ku naɗa da kyau, ku rubuta sunansa da garinsu, ku biya shi. Mutanen nan kullum cikin farautar sabon sauti suke, daga Indiya har Amazon sun kwaso. Ranar da ɗayansu ya tsinci katin nan, zai yanki daƙiƙa 4 ya ɗora a kan bugu 190 ya sayar, kuma sunansa ne kawai zai fito a bango.